Asirin Hajiya Binta ya tonu, na Sanata fa?

Tun da littafin Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya fito a 2015, magana ɗaya na fi ji a bakin mutanenmu game da shi. Wai labarin wata Hajiya ce 'yar shekara 55, wadda mijinta ya rasu, da ta faɗa tarayya da wani yaro ɗan shekara 25 mai sayar da wiwi. Daga nan sai a taɓe baki, a ce Allah ya shirya, a wuce. Da littafin ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG a 2016, mai ɗauke da dala 100,000, sai maganar ta ƙara zafi a wasu bakunan, ana ganin lada ce aka ba ɗan Arewa don ya tona wa Arewa asiri da harshen da baƙi za su iya karantawa. Na karanta littafin, kuma ina da ja a kan wannan hukunci. Asirin Hajiya Binta shi ne mafi ƙanƙanta cikin asiran da ke littafin, amma shi kaɗai ne ya tonu, shi kaɗai ne kuma ya dami masu karatu. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Wanda bai karanta ba kuma yake da niyya, ya yi haƙuri, dole zan taɓa ƙarshen labarin, domin a ƙarshen ne hujjata take.

Hajiya Binta Zubairu tana zaune a Mararraba, bakin Abuja, bayan rikicin Jos ya cinye mijinta. Tare da ita akwai Fa'iza, 'yar 'yar'uwarta, da jikarta Ummi. Tana zuwa Islamiyya, tana karanta littafin Az-Zahabi na manyan zunubai, ɗanta Munkaila mai abin hannu yana ɗauke da ɗawainiyarta. Wata rana wani matashi ya tsallako katanga don ya yi sata, suka yi ido biyu. Sunansa Hassan, amma kowa Reza yake ce masa, kuma shi ne shugaban 'yan iskan wani kango da suke kira San Siro. Ya kwashe kayanta, daga baya ya dawo da su. Ita ta ga fuskar ɗanta na fari da 'yan sanda suka harbe. Shi kuma ya ga uwarsa da ta yasar da shi yana ƙarami ta tafi Saudiyya. Daga nan abin da bai kamata ba ya faru, ya kuma ci gaba da faruwa.

Marubucin bai zaunar da mai karatu wuri ɗaya ba. Yanzu kana cikin zuciyar Hajiya tana fama da kanta, tana kunna turaren wuta don ta kori warin zunubin da take ji a hancinta. An jima kana San Siro cikin hayaƙin wiwi, kana jin abin da Reza ke tunawa game da uwarsa. Sai a kai ka ɗakin Fa'iza, sai a kai ka gefen Malam Haruna da rediyonsa, dattijon da ke neman auren Hajiya, sai a shigar da kai falon Sanata Buba Maikuɗi, ubangidan Reza. Mai karatu ya zama kamar 'yar aike a babban gida, wadda ke shiga ɗakin kowa tana jin abin da kowace mai ɗaki ba ta faɗa wa 'yar'uwarta. Kowane mutum a labarin rabin gaskiya ke hannunsa, kai kaɗai aka ba duka. Munkaila yana ganin ya gama wa uwarsa komai tunda ya ba ta gida da abinci da janareto, kai kuwa ka san abin da ke cin ta da dare. Hajiya tana ganin za ta iya shiryar da Reza, har tana matsa masa ya koma makaranta, kai kuwa ka riga ka zauna a falon Sanata, ka san igiyar da ke wuyan yaron ba ta tsinkuwa da fom ɗin jarrabawa.

Wannan salon yana da nauyi a kan mai karatu. Idan daga waje kake kallon mutum, hukunci ba ya wuya. Idan aka shigar da kai cikinsa, ka ji tsoronsa da kunyarsa da addu'ar da yake yi bayan ya aikata laifi, hukuncin bai canza ba, zina tana nan zina, amma bakinka yana yin nauyi wajen yi masa dariya. Ina ganin wannan nauyin bakin alheri ne, kuma yana cikin abin da muka fi rasawa a wannan zamani da ake tona asirin mutum a Facebook da TikTok kafin ya gama sallar asuba.

Masu sukar littafin suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa addini ya hana yaɗa alfasha, Suratun Nur ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Gaskiya ne. Akwai kuma wurare a littafin da aka buɗe labule fiye da yadda ni zan so, kuma ba zan miƙa shi ga yarinya 'yar aji uku a sakandare ba. Amma rufin asirin da aka umarce mu da shi haƙƙin mutum ne mai rai, mai suna, mai 'ya'ya, wanda za a iya nuna shi da yatsa a kasuwa. Hajiya Binta ba ta da gida a Mararraba da za a je a jefa. Ƙagaggen labari shi ne hanyar da al'umma ke iya duban ciwonta ba tare da an kunyata kowa ba. Kuma duk wanda ya kai ƙarshen littafin ya san ba a yi wa zina ado ba. Munkaila ya ji labari, ya tunkari Reza, aka yi faɗa, Munkaila ya mutu. Uwar da ta rasa ɗan fari ta sake rasa wani ɗan, wannan karon ta hanyar abin da ta jawo da hannunta. Ban san wa'azin da ya fi wannan ɗaci ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan farin nan. A littafin Yaro ake ce masa. Sunansa Murtala, amma uwarsa ba ta kiran sunan, saboda alkunya. Duk Bahaushe ya san wannan, mu da 'yan'uwanmu Fulani. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna damuwa idan ya faɗi, sau da yawa ma kaka ce ko gwaggo ke raino. Idan ya yi faɗa da ɗan kishiya ko ɗan maƙwabta, shi za ta daka ko da shi ke da gaskiya, don kada a ce tana son kai. Na san kyawun da ke cikin wannan al'ada. Kawaici ne, horon zuciya ne, hanya ce ta nuna cewa ɗa na kowa ne a gida. Iyayenmu mata da suka riƙe ta ba marasa tausayi ba ne, da yawansu suna kuka a ɓoye ne kawai. Amma littafin ya tilasta mini in tsaya a wurin yaron. Shi bai san falsafar alkunya ba. Abin da ya sani shi ne uwarsa tana rungumar ƙannensa, tana kiran sunayensu, shi kuwa tana kawar da kai idan ya shigo. Ya girma, ya faɗa shaye-shaye, harsashin 'yan sanda ya same shi, ita kuma ta rage da soyayyar da ba ta taɓa furtawa ba, babu inda za ta kai ta. Lokacin da Reza ya faɗo gidanta, abin da ta yi masa wanda ba ta yi wa ɗanta ba shi ne kiran sunansa na yanka. Kowa na cewa Reza, ita tana cewa Hassan. Wanda ya karanta wannan ya ce sha'awa ce kawai ke jan Hajiya, bai karanta da zuciyarsa ba.

Kuma alkunya ba addini ba ce. Bukhari ya ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Muna karanta wannan hadisi a Islamiyya, mu dawo gida mu ci gaba da yaba wa uwar da ta fi kowa iya danne zuciyarta. Ba ina cewa kowane ɗan fari zai lalace ba, da yawansu sun zama ginshiƙan gidajensu. Ina cewa ne akwai yaran da wannan shirun ke ji wa ciwo, kuma ba mu da wurin da ake zama a faɗi haka, sai da wani ya rubuta shi da Turanci.

Fa'iza ma shiru ne ke cin ta. A gabanta aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a rikicin Jos, kuma cikin maharan akwai malamin makarantarsu da ta sani. Tun daga nan ba ta iya ganin jini, ba ta iya cin nama, tana fakewa da littattafan soyayya da son Ali Nuhu. Da abin ya tsananta sai gida ya fara zancen aljanu. Wannan ɓangaren ba ƙage ba ne a wurin mutanen Jos, garin da shi kansa marubucin ya fito. A rikicin watan Satumba na 2001, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum kusan 1,000 cikin 'yan kwanaki. A Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, an kashe aƙalla 700. A Janairu 2010 aka sake. Musulmi sun mutu, Kirista sun mutu. An kafa kwamitoci, an rubuta rahotanni, an raba buhunan shinkafa da katifu. Yaran da suka ga an yanka iyayensu kuwa, an ce musu su yi haƙuri, ƙaddara ce, aka raba su gidajen dangi a Bauchi da Kano da Mararraba. Haƙuri wajibi ne, imani da ƙaddara wajibi ne, amma yarinyar da ke farkawa da ihu cikin dare tana bukatar wanda zai zauna ya saurare ta. Waɗannan yaran yau su ne iyaye, suna renon nasu 'ya'yan da abin da suka haɗiye.

Yanzu sai mu zo ga wanda ya tona da wanda aka tona. Malam Haruna ne ya bi sawun Hajiya, ya gano inda take zuwa, ya kai maganar gaba har ta isa kunnen ɗanta. Da a ce daga bakinsa kaɗai muka ji labarin, da mun ce kishin addini ne. Amma marubucin ya riga ya shigar da mu cikinsa, mun san yana da matansa a gida, mun san sonta yake ta ƙi shi, mun ga yadda zafin ƙi ya rikiɗe ya sa rigar wa'azi. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane. Shari'a ta ce sai da shaidu huɗu, wanda ya yi ƙazafi ba tare da su ba bulala 80 ce tasa. A ƙissar Ma'izu, sahabin da ya yi iƙirarin zina, an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wa Hazzal, wanda ya tura shi ya je ya yi iƙirari, da ya rufe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. To a cikin littafin nan, wa ya saɓa wa umarnin rufin asiri, marubucin ko Malam Haruna? Kuma mu da muke tura hotuna da muryoyin mutane daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan da sunan "a yi hattara", a wane layi muke?

Sanata Buba Maikuɗi shi ne mutumin da ya fi kowa laifi a littafin, shi ne kuma wanda ba abin da ya same shi. Shi ke ba Reza da yaransa kuɗi su cika taron siyasa, su tarwatsa na abokan hamayya. Shi ke sa 'yan sanda su ɗaga musu ƙafa ko su matse su, gwargwadon bukatarsa. Shi ya sa su aikin sace mutum don ya karya abokin hamayya. 'Ya'yansa suna karatu a ƙasashen waje, Reza kuwa ana nuna masa makaranta ɓata lokaci ce. Da yaron ya zama kaya mai nauyi, wanda bakinsa zai iya jawo matsala, Sanata ya sa aka kashe shi. Babu Malam Haruna da ya bi sawun Sanata. Babu matan Islamiyya da suka yi masa habaici. Ba wanda ya daina gaishe shi a masallaci.

Wannan ma ba ƙage ba ne. Kowace jiha tana da sunan da take kiran yaran nan: 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, ECOMOG a Borno. Kowa a unguwa ya san wanda ke saya musu ƙwaya da babur da adda idan zaɓe ya matso. Littafin yana gudana ne a jajibirin zaɓen 2011, zaɓen da bayansa aka kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12. Yaran da suka riƙe makamai an kama wasu, an harbe wasu. Masu ba su kuɗi sun ci gaba da zama manyan baƙi a wurin ɗaurin aure da saukar Alƙur'ani. Ku tuna kuma da Safiya Hussaini ta Tungar Tudu a Sakkwato, da Amina Lawal a Katsina, matan karkara biyu da aka yanke wa hukuncin jefewa a farkon shekarun 2000, kafin kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a su wanke su a 2002 da 2003. Cikin da ke jikinsu ne ya zama shaida a kansu, mazan da suka ambata kuwa aka sallame su don babu shaidu. Duniya duka ta san sunayen matan nan biyu. A ƙasarmu rufin asiri ya zama abin da mai kuɗi da mai mulki ke samu kyauta, mace da talaka kuwa sai sun roƙa, kuma ba kullum ake ba su ba.

Shi ya sa nake jin zafi idan aka taƙaita littafin da cewa labarin Hajiya da ɗan wiwi ne. Mai faɗin haka ya sake yin abin da mutanen cikin labarin suka yi: ya zuba wa Hajiya ido, ya bar Sanata ya wuce ta gabansa da babbar riga.

Littafin yana da rauninsa. Ɓangaren Leila, yarinyar da Reza da yaransa suka sace, ya ja tsawo, kuma a wurin labarin ya ɗan koma irin na fim. Wasu kalmomin Hausa da aka cusa cikin Turancin an yi su ne don kunnen baƙo. An fassara shi zuwa Faransanci a 2018, don haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko za su iya karanta shi, amma ni burina in ga matan Islamiyya irin su Hajiya Binta suna karanta irin wannan labari da harshen da suke mafarki da shi.

A nan ne maganata ta koma kan marubutanmu na Hausa. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano, mafi yawansu mata, suke rubutu a kan auren dole da sakin wulaƙanci da kishi, kuma sun sha wuya a kai. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, kuma a zamanin shugabancin Abubakar Rabo hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano ta nemi marubuta su yi rajista a kuma duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa. Ba su daina ba, yau suna Wattpad da zaurukan WhatsApp da tashoshin YouTube masu karanta littattafai, masu saurarensu ba su ƙirguwa. Ƙarfin hali ba su rasa shi ba. Abin da nake yawan rasawa a littattafan shi ne wannan sauya wurin tsayuwa. Sau da yawa tauraruwar labari fara ce, kyakkyawa, mai haƙuri, kishiyarta kuwa muguwa ce tun daga shafin farko har zuwa ranar da za ta haukace ko ta zo neman gafara. Uwar miji azzaluma ce, ba a gaya mana wanda ya zalunce ta lokacin da take amarya. Ɗan daba yana shigowa da wuƙa ya fita, ba mu san sunan da uwarsa ta raɗa masa ba. Mai karatu yana gama littafin yana da tabbacin cewa shi ne mai haƙurin, mugayen kuwa wasu ne.

Ina roƙon 'yan'uwana marubuta, musamman mata da suka fi kowa sanin abin da ke faruwa a bayan labule, su ba kishiya babi guda ta yi magana da bakinta. Su ba uwar da ba ta kiran sunan ɗanta babi guda, su ba ɗan ma nasa. Su shiga falon Alhajin da ke raba kuɗi ga yaran unguwa ana saura wata uku zaɓe, su zaunar da mu a can mu ji yadda yake lissafin ran ɗan wani. Zaɓen 2027 yana tafe, kuma a kangaye da tashoshin mota na Mararraba da Kano da Gombe an riga an fara rubuta sunayen yaran da za a ɗauka.